Ramin Gudun Bam da Muka Haƙa a Nasiriya

Azumin bana ya faɗo cikin bazara. Tun hantsi kwanon ɗakina yake ƙara kamar ana suyar gyaɗa a kansa. Babu wuta, fanka a tsaye. Jiya da la'asar muna zaune gindin bango muna jiran rana ta sauka, sai rediyon maƙwabcina ya ce manyan ƙasashe sun sake yi wa juna barazana da makamin nukiliya. Wani ya ce a can masu hali har ɗakuna suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa saboda ranar. Na ce na sani, na taɓa haƙa ɗaya. Suka yi dariya.

Sunana Tanko. Ban yi boko ba. Sana'ar gidanmu haƙar rijiya, a wani ƙauye arewa da Ɓaɓura. Kawu Ila, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini. Abu na farko da ya koya mini ba riƙon dagi ba ne, tsayuwa a baki ne. In mutum yana cikin rami, wani yana sama riƙe da igiya, kuma na saman ba ya gusawa. Ko gobara ta tashi a gidansa. In lokacin salla ya yi, a nan zai yi ta, igiyar ɗaure a ƙafarsa, don in na ƙasa ya ja ya ji. Ba doka ba ce da ake faɗa kullum. Abu ne kamar rufe tsiraici. Ban taɓa jin wanda ya karya ta ba, don haka ban taɓa tunanin ana iya karyawa ba.

Sai fari ya zo. Damina biyu gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rijiyoyin da muka haƙa suka koma ramukan ƙadangaru. Muna ƙara musu zurfi, muna fito da busasshen yashi. Mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna sheƙe ɗan hatsin da suka samu. Na ci dusa da tafasa har bakina ya daina sanin ɗaci. Shanu suka mutu, ungulu ma ta ƙoshi ta bar su. Mutane suka riƙa fita gida gida, wasu Kano, wasu kudu, ba sallama, don kowa yana jin kunyar a ga abin da ya ɗauka. Mai haƙar rijiya a ƙasar da ruwa ya gudu ba shi da amfani. Da wani dillali ya zo neman masu ƙarfin haƙa, ni da Kawu muka bi shi. Kawu ya haura sittin a lokacin. Ya rina gemunsa kafin a ɗauki hoton fasfo.

Haka muka samu kanmu a Riyad. Ban riƙe shekarar ba. Soja ke mulki a gida, Iraki da Iran suna ta yaƙi. Tun a filin jirgi aka karɓe fasfonmu, aka ce yana wurin kafil, wato mutumin da ya ɗauki nauyin zamanmu. Shi ke da iƙamarmu, takardar zama. In ya ce ka zauna ka zauna, in ya ce ka tafi ka tafi.

Aka ajiye mu a unguwar Gubaira, a wani ɗaki bayan garejin masu walda. Mu Hausawa uku ne: ni, Kawu, da Sabo, wani Bazazzagi mai baki kamar reza. Sauran 'yan Pakistan ne da 'yan Yaman. Azumi ya same mu a tsakiyar zafinsu. Na san zafin bazara, amma wannan daban ne. Namu yana zuwa da alkawarin hadari. Nasu ba ya alkawarin komai. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin tanda. Gumi ba ya zama a jiki, yana fita yana bushewa, sai ka ga farin gishiri a rigarka. Ruwan tankin da ke kan rufi ba ya taɓuwa da rana, sai mun tara a bokiti tun asuba mun rufe da buhu. Sahur ɗinmu kubus ne, wannan burodin nasu mai faɗi, da wake da shayi. Muna idar da salla motar ɗaukar kaya tana ƙofa, direba yana danna oda yana cewa yalla, yalla. Da magariba kuma mu bi layi a masallaci, a ba mu dabino da nono da miya a kofi. Abinci kam akwai. Wannan ne ma ya fi ci mini rai. Ragowar shinkafar da ake zubarwa a bayan masallacin nan a dare ɗaya za ta riƙe unguwarmu kwana da kwanaki.

Aikin a unguwar Nasiriya yake, gidan kafil ɗinmu. Ƙaton gida mai itatuwan dabino da ciyawar da ake shayar da ita safe da yamma. Ba mu cika ganin mai gidan ba. Wakilinsa muke gani, wani siriri mai carbi da tabarau. Shi ya nuna mana bayan gida ya ce a nan za a yi rami, mai zurfi, mai faɗi, kuma da hannu. Mai gida ba ya son babbar mota ta shigo maƙwabta su sani.

Ƙasar Riyad ba ƙasa ba ce, farin dutse ne. Diga tana sauka tana tashi da wuta. Aka kawo mana ƙaramin injin fasa dutse, sauran kuwa diga da shebur da guga. Ƙura fara fat, tana shiga hanci tana daskarewa. Mai azumi ba shi da ko yawun da zai tofar da ita. Mun fara tun kafin azumi da watanni, kuma tun a lokacin Kawu ya fara tari. Duk da haka duk wanda zai sauka, sai Kawu ya tsayar da wani a baki. 'Yan Pakistan suna ganin ɓata lokaci ne, daga baya suka saba.

Sabo ne mai rediyo, shi ya gaya mana amfanin ramin.

"Kai Bakano, ka san kabarin wa kake haƙa?"

"Na ubangidanka," na ce.

"Bawa ba ya da ladabi. To saurara. Akwai wani bam, guda ɗaya tak, in aka sake shi a kan gari, garin ya tashi daga aiki. Mutum, jaki, masallaci, kasuwa. Wanda wuta ba ta ci ba, iska ta kashe shi. Ƙasar ma sai ta shekara da shekaru ba ta fid da tsiro ba. Mai gida yana tsoron yaƙin nan na maƙwabta ya kai ga haka. Ga shi kwanan nan an ce wata tashar irin wannan wutar ta fashe a ƙasar Rasha, guba ta bi iska. Tun ranar ba ya barci."

Kawu yana zaune a kan guga yana mai da numfashi. Ya ce, "Gari ya watse, ƙasa ta ƙi tsiro."

"Haka suka ce, Baba Ila."

"To mu wa ya jefa mana?"

Bam ɗin dai bai faɗo ba har na bar ƙasar. Har yau bai faɗo ba.

Da muka gama haƙa aka zuba kankare mai kaurin da ban taɓa gani ba. Wasu Turawa suka zo suka kafa ƙofar ƙarfe mai kauri kamar katifa, da injin jawo iska daga wani bututu da ya leƙa cikin lambu. Injin yana aiki da lantarki, in babu kuma akwai mariƙin da ake juyawa da hannu. Masu fenti suka zo suka yi nasu, ciki da waje. Sannan aka sa mu jidar kaya. Buhunan shinkafa, gwangwanayen kifi da madara, man girki, jarkokin ruwa, gadaje masu hawa biyu. Ina jera madara a kan kanta ina tuna 'yar ƙanwata da aka yaye da ruwan dusa. Wa zan gaya wa?

Azumi ya raba tsakiya, ranar nan da sassafe wakili ya tara mu a bakin matakala. Ya ce mai gida yana son a gwada ɗakin. Iyalinsa mutum goma sha biyu ne, don haka mutum goma sha biyu za su shiga su wuni, a kashe lantarki kamar yadda zai kasance ranar bam, a ga ko ɗakin zai riƙe su. Ya ce yanzu ne daidai, tunda muna azumi ba za mu taɓa kayan abinci ba. Ya faɗi haka ne ba da mugunta ba. Dabara ce yake ganin ya yi.

Sabo ya ce da Hausa, "Wuni guda a inuwa ba diga ba shebur. Bakano, yau ka zama ɗan sarki."

Aka ƙirga mu, mu goma sha biyu cif har da Kawu. Na ce, "Kawu, ko ɗayanmu ya tsaya a sama?"

Ya dubi wakili, ya dube ni. "Ai ga mutum a baki."

Ya matsa kusa da shi, da ɗan Larabcinsa da hannu ya nuna masa: in mun buga ƙofa, ka buɗe. Wakili ya ce mafi mushkila, ba matsala, yana nan. Kawu ya gyaɗa kai. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Mutum ya ce yana baki. Ba a sake tambayarsa, zagi ne.

Muka shiga. Ana iya buɗe ƙofar daga ciki, amma muka ji ya zura ƙarfe ta waje, don kada wani ya buɗe ya ɓata gwajin. Wuta ta ɗauke. Aka kunna fitilar batir.

Da farko daɗi. Sanyi-sanyi, warin sabon fenti. 'Yan Yaman suka miƙe a ƙasa. Sabo ya hau gadon sama ya ce nan ne wurin uwargida, kowa ya sunkuyar da kai. Muna juya mariƙin injin bi da bi. Yana da nauyi, muka ce sabo ne.

Kafin azahar kaina ya fara sarawa. Na ɗauka azumi ne. Sai na ga kowa yana riƙe da goshi. Bango ya fara gumi. Kawu ya tashi ya je inda iska ya kamata ta fito, ya sa tafin hannu, ya ce in juya da ƙarfi. Na juya har kafaɗata ta yi ƙara. Ya roƙi ashana wurin wani ɗan Pakistan mai shan taba, ya ƙyasta a bakin bututun. Harshen wutar ya tsaya ƙyam, ko kaɗawa bai yi ba.

"Ba abin da ke shigowa," ya ce. "A buga."

Na buga ƙofa da hannu. Kamar na bugi dutse. Na ɗauki gwangwanin kifi na buga har ya lotse. Shiru. Muka karɓa bi da bi. 'Yan Pakistan suka shiga ihu da yarensu, wani yana kuka yana kiran uwarsa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ku gaya musu ihu yana cin iska. Kowa ya zauna. A bar juya injin nan, wahala ce kawai. Mutumin yana nan. Wataƙila ya zaga ne."

Sabo ya ce, "Baba Ila, zagawar ta yi tsawo."

"Zai dawo. Ba a barin baki."

Ya ce a rijiya mugunyar iska ƙasa take kwanciya, don haka kowa ya hau gadon sama. Muka hau, uku uku, kamar kaji. Shi ya ƙi. Ya ce in ya hau wa zai yi bugu. Ya zauna ya jingina da ƙofar, gwangwani a hannu, yana bugawa a hankali, yana hutawa, yana sakewa, irin yadda ake jan igiya.

Azahar ta wuce a agogon Sabo. Muka yi salla a zaune, da ishara. Numfashi ya koma kamar na wanda ya yi gudu, kana ja kana ja ba ka ƙoshi. Zafin jikinmu ya cika ɗakin. Wani ɗan Yaman ya yi amai, warin ya tsaya wuri ɗaya don ba inda za shi. Fitila ta yi ja. Na daina jin yatsuna. Can sai Sabo ya ce, "Tanko." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Tarin Kawu ya canza. Ya koma kamar ana jan guga a kan tsakuwa. Na sauko da rarrafe, na fasa jarka ɗaya, na kai masa ruwa a murfi.

"Kawu, sha. Allah ya san halin da ake ciki."

Ya kau da kai. "Ba ruwa na rasa ba."

Na zuba masa a ka da ƙirji. Sauran suka ga an fasa, suka sauko suka sha, wasu suna istigfari wasu ko a jikinsu. Na karɓi gwangwanin zan ci gaba da bugu, ya riƙe hannuna.

"A hankali. In ka yi da garaje zai ɗauka wasa ne."

Har lokacin yana ganin akwai mai saurare.

Ban san sa'ad da gwangwanin ya faɗi daga hannuna ba. Abin da na sani, na ji ƙarar ƙarfe, ƙofa ta ja baya, Kawu ya faɗa waje da baya. Iskar da ta shigo ta la'asar ce sakaliya, mai zafi, mai ƙura. Ban taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba. Mai gida ne tsaye cikin farar riga, yana ƙamshin turaren wuta, ya zo ganin sakamako kafin shan ruwa. Ya toshe hanci da gefen ƙyallen kansa. Wakili yana bayansa, idonsa a kumbure da barci. Abin da wakilin ya fara gani jarkar da aka fasa.

Ba zan yi wa mai gida ƙarya ba, ya firgita. Ya yi ta salati, ya ce a kawo mota. Muka kwanta a kan ciyawarsa muna haki kamar kifin da aka watso tudu. Aka bi bututun cikin lambu. Masu fenti ne suka ɗaure bakinsa da leda don kada fenti ya shiga, suka tafi suka bar ta. Mai lambu ya sa yatsa biyu ya cire.

Sabo ya tambayi wakili ina ya je. Ya ce gida, ya kwanta. Bai ɓoye ba, bai ji kunya ba. Ya ce wane mai hankali ne zai zauna gadin ƙofa cikin wannan rana da azumi a bakinsa? Garin duka barci yake yi a wannan lokacin. Na dube shi na ga da gaske bai san ya yi wani abu ba. Da ya sani da ya fi mini sauƙi.

Mai gida ya daɗe yana kallon ledar a hannunsa. Sannan ya ce alhamdu lillahi da aka gwada. Da 'ya'yansa ne a ciki fa? Da magariba ya aiko mana da babban faranti, shinkafa da rabin rago. Muka ci. Har ni. Yunwa ba ta san zuciya ba.

Kawu yana asibiti da roba a hanci. Wani ma'aikacin jinya ɗan Najeriya, Bahaushe, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, huhun tsohon nan dama ƙura ta cinye shi. Wannan ƙarasawa ce. Ka yi ta addu'a." Ina zuwa bayan an tashi aiki, in zauna. Ba ya magana sosai. Bai ambaci wakili ba ko sau ɗaya. Rana ta ƙarshe ya buɗe ido ya ce, "Yanzu a gida lokacin shuka ne. An samu ruwa?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya ce, "To."

Da safe aka ce ya cika. Aka yi masa salla tare da wasu gawarwaki da ban san ko su waye ba. Maƙabartarsu fili ne fetal, ba suna, dutse a kai dutse a ƙafa. Kaburburan a jere suke, an riga an tone su da mota. Mutumin da ya shekara arba'in yana haƙa wa mutane ruwa da hannunsa. Na sauka na karɓe shi na kwantar. Sabo ya tsaya a sama ya miƙo mini hannu na fito.

Saura kwana kaɗan salla wakili ya zo Gubaira da kansa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce kowa da ranarsa. Sannan ya ce an gyara bututu, mai gida yana son a sake gwadawa kafin hutu, don hankalinsa ya kwanta.

Sabo ya ce da Hausa, "Ka ce masa uwarsa ta shiga."

Ban ce ba. Shi ma bai ce ba. Iƙamarmu tana aljihun mutumin da ya aiko shi. In an kore mu, ina za mu? Gida ba gida. Matar Kawu da 'ya'yan ƙanwata suna Kano a zauren wani, abin da nake aikawa suke ci.

Washegari muka tsaya a bakin matakala. Wakili ya ƙirga, ya samu goma sha ɗaya. Ya tsaya yana tunani, sannan ya tuna. Ya leƙa lambu ya kira mai ban ruwan ciyawa, wani ɗan Bangladesh, ya ajiye tiyo ya zo ya cike. Muka sauka. Aka zura ƙarfe. Na kama mariƙin na juya, ya tafi sumul, iska ta hura mini a fuska.

Wuni muka yi lafiya lau. Mai gida ya ji daɗi ƙwarai.